Wuƙaƙen Lamba na Babana

Babana ya shekara fiye da arba'in a Jidda bai gina gida ba, bai sayi mota ba, bai ajiye ko akuya a ƙauyensu ba. Abin da ya tara wuƙaƙe ne. Su ma ba irin waɗanda za a yanka albasa da su ba, balle rago. Wuƙaƙen lamba yake ce musu, kuma burinsa a ƙarshen rayuwa ɗaya ne tak: ya kai su gida, can Nijar, ya zube su gaban ƙanensa. Wannan ƙanen nasa, da muke kira Baba Ƙarami alhali ba mu taɓa sa shi a ido ba, shi kaɗai ya rage wa Baba a duniya wanda zai buɗe irin wuƙar nan ya san aikinta ba sai an yi masa bayani ba.

Bari in kwatanta muku ita, don ni kaina sai da na girma na daina ce mata lalatacciyar aska. Naɗewa take cikin mariƙinta kamar askar wanzami. In ka buɗe, ba tsini, ba kaifi a gefe. Bakin ne a can ƙarshe aka lanƙwasa ya zama ɗan mitsitsin indararo. Ba turawa ake yi ba, ja ake zuwa jiki, sai ta ɗebo siririn zaren itace ta bar layi fari tas. Wasu suna da ɗan tsinke a gefe, a kafa a juya, da'ira ta fito. Da ita ake zana lamba a gindin kowane gungumen itace da aka kayar a kurmi, don a san na wa ne, daga wane daji ya fito, kafin a tura shi kogi ko a ɗora wa mota.

Aikin da Baba ya yi ke nan yana saurayi, a kurmin Gwalkwas, tun ba a fara ce mata Gana ba. Su biyu suka tafi cin rani shi da Baba Ƙarami, cin ranin da ya zama shekaru. Baba Ƙarami yana jan zarto, dogon nan na mutum biyu, Baba yana bin baya da wuƙar lamba. Da aikin ya ƙare, ƙanen ya koma gida ya yi aure, shi kuwa Baba ya ce sai ya ga Ka'aba tukuna. Ya biyo ta Chadi da Sudan, ya tsallako teku, ya yi hajji, ya samu aiki a filin katakon wani ɗan kasuwa, ya auri Umma, aka haife ni da ƙannena maza biyu. Komawar dai ana ta ɗaga ta shekara bayan shekara har gemunsa ya yi fari.

Wuƙa ta farko tasa ce, mai mariƙin tagulla, da ita ya fito daga kurmi. Ta biyu wani tsoho ne ɗan ƙasar Jawa ya ba shi. Ya zo aikin hajji, ya shigo filin katakon neman allunan da za a haɗa masa akwati, ya tarar da Baba yana ja wa wani katako lamba. Ya tsaya cak yana kallo. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da tasa, mai mariƙin ƙaho. Ba mai jin yaren wani, Larabcin tsohon kuwa bai wuce na salla ba. Baba ya ce haka suka tsuguna cikin rana suna jan layi a guntun katako ɗaya suna dariya. Da zai tafi ya danƙa wa Baba ita, ya rufe masa hannu da nasa. Daga ranar cutar ta kama shi.

Ina 'yar makarantar firamare muka koma unguwar Waziriyya, ɗaki biyu a saman wani shagon walda. A nan na fara sanin cewa Juma'ar Baba ba tamu ba ce. Ana saukowa masallaci, ya ci abinci a tsaye, ya kama hanyar haraj, kasuwar gwanjon da ke kudancin gari, inda ake zube kayan tsofaffin shaguna da na Turawan da suka gama kwangila suka tafi. Ya wuni yana tonon kwalayen ƙusoshi masu tsatsa. Sai ya yi wata da watanni bai samu komai ba. Wasu kuma daga hannun ma'aikatan jiragen ruwan da ke kawo katako ya same su, wasu daga tsofaffin alhazai, don Jidda gari ne da tsofaffin duniya duk sai sun bi ta cikinsa. Har suka kai goma sha wani abu.

Umma haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazai, bakinta ba ya ajiye magana. In ta ga ya dawo da murmushi hannunsa a aljihu sai ta ce, "Ya Allah! Mazan mutane na tara wa matansu zinare, nawa yana tara mini tsatsa." Shi kuwa ko a jikinsa. Wata rana ya shigo da murna ya samo wata babba mai mariƙin itace, ya wanke, ya goge, ya gwada a katako, ta ƙi ci yadda ya sani. Sai daga baya wani Basudane ya gaya masa ta kankare kofaton doki ce. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓe ta, ta mayar da ita abin kankare kwakwa. Ta daɗe tana yi masa tsiya da ita, duk baƙon da ya zo sai an ba shi labari.

Bayan la'asar yakan shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar ɗaki ya jera su. Ya saci man keken ɗinkin Umma, ya ɗiga wa kowace a gaɓarta, ya buɗe, ya rufe, ya kasa kunne ya ji ƙarar. Sannan ya gwada ta a guntun katako, ɗakin ya ɗauki ƙamshin sabon itace. Yakan nuna mini inda mariƙi ya siɗe ya ce, "Uwata, mai wannan bahago ne, dubi inda babban yatsansa ya ci." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci. Ni a lokacin, wallahi, hankalina yana kan talabijin ɗin maƙwabta. Ƙannena kuwa, da suke jin Hausa amma ba sa iya mayarwa sai da Larabci, "hurda" suke ce musu, wato tarkacen ƙarfe. Bai taɓa yi musu faɗa ba, sai dai ya naɗe ƙyallensa da wuri.

Sun taɓa jawo mana abin dariya. Wata sabuwar maƙwabciya 'yar Chadi ta leƙo ta gan su a jere, ta koma. Ranar sunan jaririnta sai ga ta da shi a kafaɗa, wai ta kawo wa wanzami ya cire masa beli. Baba ya yi rantsuwa shi ba wanzami ba ne, ta ce ai ta ga kayan aiki da idonta, in tsoron hukuma yake ji ba wanda zai ji daga bakinta. Sai da ya ɗauko katako ya ja mata layi. Ta kalli zaren itacen da ya faɗo, ta kalli bakin ɗanta, ta rungume shi ta fita ba sallama.

Kowace shekara alhazan ƙauyensu suna kawo kaset daga Baba Ƙarami. A zauna a kunna, ya gai da kowa da kowa, ya faɗi waɗanda suka rasu da yadda damina ta yi. Sannan muryarsa ta sauya ya ce, "Yaya, mai tagullar tana nan?" Baba ya amsa wa rediyon da ƙarfi, "Tana nan!" kamar ana jinsa. In zai mayar da amsa, mu gaisuwarmu a taƙaice take, sauran kaset ɗin duk bayanin sabuwar wuƙa ne. A kaset na ƙarshe da na ji, Baba Ƙarami ya ce duk waɗanda suka yi kurmi tare sun ƙare, in ya ba yaran yanzu labarin itacen da mutum goma ba sa iya zagaye shi da hannu, dariya suke yi masa. Ya ce, "Ka zo da su, Yaya. Mu zauna mu biyu mu yi hirar kurmi, yaran nan su san ba ƙarya nake ba."

Umma ta rasu bayan na yi aure na haifi na uku. Ba a jima ba kafilin Baba, mai filin katakon, shi ma ya bi ta, mutumin kirki, wanda ya riƙe masa iƙama, takardar izinin zama, shekara da shekaru ko da ƙarfinsa ya fara ƙarewa. 'Ya'yansa suka sayar da filin katakon aka fara gini. Muka yi ta bugawa ni da maigidana, wanda direba ne a gidan wasu mutane a Abhur, ko za a samu mai karɓar iƙamar tsoho ɗan saba'in da ɗoriya. Kowa ya ji shekarun sai ya ce Allah ya sauwaƙe. Ina cikin kuka wata rana Baba ya ce, "Halas, ya isa, Uwata. Ai dama ina da saƙon da zan kai." Aka buga masa fita ta ƙarshe, wadda in ka fita ba dawowa.

Ni na haɗa masa kaya. Na je manyan kantunan Safa na sayo tsaraba: dabino, turare, darduma, 'yan kunnaye na jikokin Baba Ƙarami. A shekarun nan an riga an tsananta bincike a filayen jirgi, kowa ya sani, ko abin yanke farce ba a shiga da shi. Na naɗe wuƙaƙen cikin tsohuwar jallabiyarsa, na tura su tsakiyar babban akwati, na danne da darduma, yana zaune yana kallona. Na tsuguna gabansa na ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Waɗannan a cikin akwati za su tafi, a cikin jirgin, ƙarƙashinka. Ba a shiga da ƙarfe a jiki. In aka gani ƙwacewa ake yi." Ya ce, "To." Na sake maimaitawa da Larabci, ya sake cewa, "To." Na kulle akwatin na ba shi makulli, tunda kayansa ne.

Bai taɓa hawa jirgin sama ba. Shi ya sa muka haɗa shi da wata Hajiya maƙwabciyarmu, 'yar kasuwar Maraɗi, wadda jirgi ɗaya za su hau, ita kuwa hanyar ta zame mata kamar zuwa kasuwa. Ranar tafiya maigidana ya aro motar gidan aikinsa. Na lura Baba ya shiga motar a sandare, ya zauna bai jingina ba. Na ce, "Bayan ne?" Ya ce tsufa ne. A filin jirgi aka auna akwatin, muna gani ya bi bel ya shige, na sauke ajiyar zuciya. Da muka zo inda ba a bari mai rakiya ya wuce, na matsa zan rungume shi sai ya ja da baya, ya ɗora mini hannu a ka ya yi addu'a. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce a raina, yau ma, ranar rabuwa, sai an nuna mini kunyar 'yar fari?

Mun yi nisa a hanyar komawa wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, muryarta a sama. "Ke, maza ku juyo! Babanki ya ɗaure wuƙaƙen nan a ƙugu!"

Na ce, "Waɗanne wuƙaƙe? Suna akwati!"

"Wallahi ga su nan bisa tebur ina kallonsu."

Ashe ranar da na koma Safa ƙaro turare ya buɗe akwatin ya kwashe su. Ya jera su cikin tsohon rawaninsa, ya naɗe, ya ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga. Abin da ya hana shi jingina ke nan, shi ya hana shi bari in rungume shi.

Na ce ta ba shi wayar. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ran nan. "Haba Baba! Haba! Me na ce maka? Ban ce maka ba?"

Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Uwata, alhazai nawa muka ji an ce kayansu sun ɓata a jirgi? Ni tun daga Gwalkwas har Sudan ban taɓa raba abin da nake ji da shi da jikina ba. Na ce ai ƙarƙashin riga ne, wa zai ɗaga wa tsoho riga?"

Kuma gaskiyarsa ce ta wani fannin, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Duk mutanen zamaninsa da suka zo ta ƙasa haka suke. Takarda, guzuri, zoben gado, duk a ƙugu. Akwati na tsummokara ne, a jefa saman mota, in ya isa ya isa. Da wannan dabarar ya ƙetare ƙasa uku ba a taɓa raba shi da ko allura ba. "To" ɗin da ya yi ta ce mini, na lallashin yarinya ne da ba ta san tafiya ba.

Maigidana ya juya mota. Hajiya ba ta kashe wayar ba, tana ba ni labari muna gudu. Ta ce da na'urar bincike ta yi ƙara an ja shi gefe, aka kwance rawanin, jami'an suka ja da baya da ganin ƙarafa. Da suka buɗe ɗaya suka ga ba tsini sai suka tsaya kallon juna. Babbansu ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "wannan mece ce?" Baba ya ɗauki mai tagullar, ya kama sandarsa ta dogarawa, ya ja layi ɗaya, zaren itace ya faɗo bisa tebur. Suka matso suna kallo, har wani ya karɓa ya gwada. Ta ce babban nasu mutum ne mai mutunci, ya sa aka ba Baba kujera, ya saurari labarin ƙanen har ƙarshe. Amma ya ce mamnu'u ne, doka ta hana, ba a hannunsa take ba. Akwati ya riga ya shiga jirgi. Fasfo an riga an buga, ba halin ya koma waje. Ya ce in akwai ɗan'uwa a bakin ƙofa yanzu-yanzu, zai sa a miƙa masa.

Lokacin tashin alhazai ne, hanyar filin jirgi ta cushe, motoci ba gaba ba baya. Ina ihu a mota, maigidana yana ta danna oda a banza. Hajiya ta ce an fara kiran jirginsu. Ta ce an sake kira. Daga nan hayaniyar mutane kawai nake ji.

Sauran sai daga baya ta gaya mini. Akwai wani akwati a gefen, mai kulle, mai 'yar kafa a sama, inda ake jefa almakashi da abin yanke farce da aka karɓe. Baba ya roƙi kada kowa ya jefa su sai shi. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da hannun rigarsa, ya rufe, ya saka. Mai tagullar ce ta ƙarshe. Ya rufe ta, ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Hajiya ta ce sai da ta ja masa riga. Ya naɗe rawanin da ba komai a ciki ya rataya a kafaɗa, suka wuce.

Da muka isa, jirgi ya rufe, masu aikin sun canza. Na yi ta bin ofis-ofis ran nan da washegari. Kowa ya saurare ni da mutunci, amsar dai ɗaya ce: abin da ya shiga wannan akwatin ba ya fitowa. Na zauna a dakalin waje na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Umma, rabinsa tausayi, rabinsa haushi.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni daga shagon waya a garin da ke kusa da ƙauyensu. Ya isa lafiya. Akwatin ma ya isa tare da shi, ko ƙwarzane babu, dabino da turare da 'yan kunnaye duk an raba. Na danne abin da ya zo mini baki. Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Maigidana ya taɓa ɗaukar su hoto ranar wata salla, a jere bisa farin ƙyallen nan. Zan wanko babba in ba wani ya kawo, Baba Ƙarami ya gani."

Sai ya ce:

"Idonsa ya tafi, Uwata. Ya kai shekara uku. Ya hana a gaya mini."

Ya ci gaba:

"Ina shiga zauren, ya ji muryata, ko gaisawa ba mu gama ba ya buɗe tafin hannunsa biyu bisa gwiwa. Ya ce in fara ba shi tawa. Yara sun cika zauren, ya tara su tun safe."

"Me ka ce masa, Baba?"

"Na ce suna cikin wani kayan da bai iso ba tukuna."

Baba, da ban taɓa jin ya yi ƙarya ko a ciniki ba. Ya ce kullum da safe in an kawo musu koko, Baba Ƙarami sai ya tambaya ko an ji labarin kayan, ya aiki jikansa tasha ya dubo. Na ji ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya rage murya don kada mai shagon ya ji.

"Ke da kika san sha'anin jirgi, gaya mini. In kaya ya ɓata, wata nawa ake yi kafin mutum ya daina tambaya?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce to, in gai da yara.